Jiƙaƙƙen Buhun Injiniya

Masu karatu, na ji saƙonninku. Waɗanda suka yi min addu'a, Allah ya saka. Waɗanda kuma suka ce "Mama ki yi haƙuri, ai kifi ne kawai," ku riƙe haƙurinku, wata rana za ku buƙace shi. Ba kifi ne kawai ba. Ɓarauniyar sikeli aka kira ni a gaban maza talatin, ni da furfurata. Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi 'yata tana bugawa, kuma na gaya mata in ta tausasa min magana ko ɗaya zan sani.

Ga wanda yau ya fara bin labarin, bari in ja shi baya kaɗan. Shekara talatin na yi ina sayar da kifi a kasuwa kafin gwiwa ta zaunar da ni. Marigayi mijina shi ya koya min fatsa, da ya rasu shekara shida da suka wuce sai na ɗauki sandarsa na ci gaba da zuwa tafki. 'Yan fatsa suna da ƙungiya a can, da rumfa, da wani baƙin allo a bango. Duk shekara wanda ya kama kifi mafi nauyi a ranar gasa, a rubuta sunansa da farin fenti. Sunan marigayi yana layi na huɗu daga sama. Ban iya karanta shi ba, amma na san siffarsa kamar yadda na san fuskarsa. Burina ɗaya ne, in ga nawa a allon nan kafin ƙasa ta rufe min ido.

Ranar gasar bana na kama giwan ruwa. Awa guda muna ja da shi, sai da zare ya yanka min yatsa. Wani da ake kira Injiniya, mai farar hula da tabarau baƙi, wanda sandarsa kaɗai ta fi ɗakina kyau, shi ma ya kama nasa. Shi ɗabi'arsa, in ya kama kifi sai ya zura shi cikin wani buhu mai kauri irin na zare, ya tsoma a ruwa don kada ya mutu. Haka ya ɗauko shi, buhu yana tsiyaya, aka rataya a tsohon sikeli mai allura na Ciyaman ɗin ƙungiya. Kilo sha ɗaya. Nawa kuwa tsirara aka rataya shi ta muƙamuƙi. Goma da rabi.

Na ce a'a. Na ɗaga nasa, na ɗaga nawa, na ce wallahi nawa ya fi, buhun ne ya sha ruwa.

Ciyaman ya ɗauko wani busasshen buhu ya rataya, allura ko motsi ba ta yi ba. Ya ce, "Mama, kin gani? Buhu ba shi da nauyi."

Sai Injiniya ya gyara hularsa ya ce, "Mama, nan ba kasuwa ba ce. A can ne ake danna sikeli da yatsa."

Suka kwashe da dariya. Ni da ban taɓa tauye wa ko almajiri giram ɗaya ba!

Na saɓi kifina a kafaɗa na tafi gida, na buɗe firizar 'yata, na kwashe duk abin da ke ciki na jera a kan tebur, na lanƙwasa wutsiyarsa na tura shi. Murfi ya ƙi rufuwa, na ɗaure da igiyar shanya. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce, a gidanta nake zaune. Ta dawo daga aiki da fararen kayanta ta tsaya a ƙofar kicin kamar an dasa ta.

"Mama, mene ne wannan?"

"Shaida ce."

"Shaidar me? Ina zan kai naman nan?"

"Ki dafa ki ci. Shi wannan ba ya fita sai ranar shari'a."

Kwana ashirin ya yi a ciki. Kullum da safe in ta buɗe kicin sai ta ce, "Ina kwana Mama, ina kwana shaida." Yayanta kuwa, babban ɗana da ke aiki a wani gari, saƙon murya yake turo min tunda ya san ba na karatu. Kullum maganar ɗaya ce: "Mama, don Allah ki bar zancen kifin nan, da shekarunki kina rigima da maza a bakin ruwa. Kuma wai wane ne wani mai gyaran agogo da ake ganinku tare?"

To, ga shi mun zo wurin.

Mai Agogo ɗan ƙungiya ne, matarsa ta rasu da daɗewa. Siriri ne, aljihun rigarsa cike da 'yan ƙananan sukundireba kamar tsinkayen tsintsiya. A duk tafkin nan babu wanda ya kai shi rashin kama kifi. Shekara biyu yana zama taku biyar daga inda nake, da fulas ɗin shayi da kofi biyu, ni kuma ina yi kamar ban san dalilin kofi na biyun ba. Ranar da aka yi min dariya yana tsaye a rumfar, bai ce uffan ba. Saboda haka na daina amsa gaisuwarsa. Kwana goma sha takwas yana turo saƙo ina sharewa.

Na sha tara ne na saurara, don 'yata ta danna min da gangan.

Muryarsa a hankali kamar kullum: "Baiwar Allah, na san kina fushi. Ban yi magana ba don magana ba tare da hujja ba ƙara musu dariya za ta yi. Sikelin Ciyaman ba maƙaryaci ba ne, kurma ne. An yi shi don manyan kaya, ƙaramin nauyi ba ya ji. Ki shirya gobe da hantsi mu je mu zaɓo na zamani mai batir, wanda ko cokali aka rataya masa zai faɗa."

Na ce wa 'yata, "Goge."

Ta ce, "In goge, ko in goge miki shuɗiyar rigar nan?"

Ku ji min 'yar zamani. To, na sa shuɗiyar rigar. Ba don shi ba, ita ce a sama cikin akwati. Mayafin ma mai zanen ganye da na yafa, shi ne ya fi kusa. Turaren kuwa zubewa ya yi.

Shagon kayan fatsa ne, dogo, sanduna a jingine har rufi, ƙugiyoyi a cikin gilashi kamar 'yan kunne. Mai Agogo ya riga ni zuwa, yana riƙe da jakar aikinsa da wata leda mai robar ruwan sha guda biyu waɗanda ba a buɗe ba. Na ce a raina, wannan bawan Allah ko shago ma da guzuri yake zuwa.

Mai shagon, wani mai tumbi da sarƙar makullai a ƙugu, ya ga tsohuwa sai ya ga kasuwa. Ya zaro wani sikeli mai walƙiya kamar wayar hannu ya ce, "Mama, wannan shi ne ƙarshe. Yana haɗuwa da wayarki, ya aika nauyin kifi har ƙasar waje."

Na ce, "Wa na sani a ƙasar waje? Rumfar Ciyaman kawai nake so ya kai."

Mai Agogo bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa ya motsa. Ya sa aka jero guda biyar a kan kanta. Maimakon ya zaɓa min, sai ya ja da baya ya ce, "Ke za ki riƙe shi a bakin ruwa, ba ni ba. Ɗauki ki ji."

Mai walƙiyar nan, zoben riƙonsa yatsa ɗaya kawai yake shiga. Na ce wanda ya ƙera wannan bai taɓa ɗaga kifi mai rai da jiƙaƙƙen hannu ba, kilo goma a yatsa ɗaya ai sai dai a ɗinka. Na ture shi. Na biyu lambobinsa ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Ni haruffa ne ban sani ba, lamba kam ko a mafarki na san ta, amma sai na gan ta tukuna. Na ture. Na uku ƙugiyarsa siririya ce, na sa babban yatsa na danna ta buɗe baki. Mai shago ya ce, "Haba Mama!" Na ce, "Gara ta buɗe a hannuna da ta buɗe kifi yana sama."

Saura biyu, baƙi da rawaya. Nan Mai Agogo ya matso ya zaro robar ruwansa. Ya ce ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, robar kuma ta ƙara ɗan abin da ba a rasa ba. Ya rataya a baƙin sau uku, sau uku yana ba da lamba daban. Ya rataya a rawayan sau uku, sau uku ya ce kilo ɗaya da giram talatin, bai canza baki ba. Ya ƙara roba ta biyu, ya ninka daidai. Sannan ya zaro cokalin shayinsa daga aljihu ya ɗaura da zare ya rataya. Giram ashirin.

Wallahi masu karatu, ku ji ikon Allah. Abu ƙarami kamar tafin hannu, amma yana jin cokali, kuma a rubuce a bayansa, in ji Mai Agogo, yana ɗaukar har kilo hamsin.

Bai tsaya nan ba. Ya rataya jakarsa yana karkaɗa ta kamar kifi mai shure-shure, lambobi suna ta rawa, can sai abin ya yi ƙara ɗit, ya kulle lamba ɗaya ya riƙe, ko an sauke kayan tana nan. Ya ce, "Don kada wani ya ce ni ban gani ba." Ya juya shi ya buɗe bayansa da sukundirebarsa, ya nuna min batiran, irin na rimot ɗin talabijin ne da ake samu a kowane shago, ba mai kama da maɓallin riga ba da sai an sha yawo. Ya shafa robar da ta zagaye murfin ya ce ruwan sama da fantsalin tafki ba za su shiga ba, amma kada in tsoma shi. Daga ƙarshe ya nuna min wani madanni a gefe. Ya rataya leda wofi, ya danna, lamba ta koma sifili.

"Wannan shi ne naki," in ji shi. "Yana cire nauyin mazubi, ya bar na kifi kaɗai."

Na daɗe ina kallon madannin nan. Ashe akwai wanda ya zauna a wani wuri a duniya ya yi tunanin jiƙaƙƙen buhu, har ya ƙera masa magani. Allah ya yi masa albarka ko wane ne.

Mai shago ya ce, "To Mama, yanzu hannu ya huta, na'ura ta karɓi aiki."

Mai Agogo ya rufe fuskar sikelin da tafinsa, ya miƙo min jakar aikinsa. "Nawa ce?"

Na ɗaga, na sauke, na sake ɗagawa. "Biyu da kwata. Ta ɗan gota."

Ya rataya. Kilo biyu da giram ɗari biyu da saba'in.

Mai shago ya riƙe baki. Shi kuwa Mai Agogo ya dube shi ya ce, "Ka gani? Ni ba hannunta na zo gwadawa da sikeli ba. Sikelin na zo gwadawa da hannunta."

Na juya ina kallon sanduna don kada ya ga fuskata. Ya sa hannu a aljihu zai biya, na ce kul, shaidar da wani ya saya min ba tawa ba ce. Bai yi gardama ba.

Rigimar a gida ta tashi. Ya rako ni don ya ga kifin, 'yata ta ba shi kujera a falo tana masa kallon da take yi wa majinyacin da bai sha magani ba. Na kwance igiya na ɗaga murfi. Kifina yana kwance fari fat, ƙanƙara ta lulluɓe shi kauri kamar yatsa biyu. Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye muku ba. Na ce wannan yau ko sha biyu sai ya yi.

Mai Agogo ya ƙwanƙwasa ƙanƙarar da farce ya ce, "Sai an narkar da shi. Ya tsane sarai kafin a kai shi rumfa gobe."

Na ce, "Me ka ce?"

"A sa shi a baho, a bar shi ya saki."

"In ya saki ai raguwa zai yi! Kwana ashirin a sanyi, ka san ruwan da zai zubar? Ashe kai ma nasu ne! Dama na sani, ranar nan ma bakinka a ɗinke yake. Tashi ka bar min gida!"

Ya tashi kuwa. Ya ɗauki jakarsa, ya kai ƙofa, ya juyo ya ce a hankali, "Baiwar Allah, in kika kai ƙanƙara, ke ma kin kai buhu."

Ya fita.

Na tsaya da igiya a hannu. Shekara talatin ban danna sikeli da yatsa ba, ga shi saura ƙiris in danna da ƙanƙara don kawai in ci Injiniya. 'Yata ta shiga banɗaki ta janyo babban baho. Muna ɗaga kifin tare sai ta ce, "Mama, wannan mutumin ba ya tsoronki."

Na ce, "Rufe min baki ki kama wutsiya."

Washegari da safe kifi ya saki, ruwa jaja-jaja ya taru a baho. 'Yata ta ce mu auna a gida mu sani, in ya ragu da yawa sai mu yi zamanmu ba kunya. Na ce a'a. Hannuna ya riga ya faɗa tun ranar gasa. In zan kunyata, in kunyata a inda aka kunyata ni.

Ta kai ni a motarta, hancinta a toshe. Rumfa cike, ranar hutu ce. Mai Agogo yana gefe da fulas ɗinsa, ya gaishe ni kamar jiya ba a yi komai ba. Na shimfiɗa kifi a kan teburin Ciyaman.

Ciyaman ya ce, "Mama, gasa ta wuce. Gobe ma za a rubuta sunan Injiniya."

Na ce, "Gobe ba yau ba ce. Rataya shi a naka tukuna."

Ya rataya don ya rabu da ni. Allura ta tsaya ƙasa da goma da rabi kaɗan. Na zaro rawayan sikelina na kunna, na nuna wa kowa sifili, na rataya. Ɗit. Kilo goma da giram ɗari uku da ashirin.

Injiniya ya yi dariya har da tafi. "Ya ma rame! Mama, kin sayo na'ura ta zo ta ƙaryata ki."

Na ce, "Kun yarda dai sikelan biyu bakinsu ɗaya a kan babban kaya?"

Ciyaman ya ce ya yarda.

"To ina buhun?"

Yana inda yake kullum, a ɗaure da turke cikin ruwa kusa da kujerar Injiniya, wofi, don ranar ko ɗan ƙaramin kifi bai kama ba. Ban jira izini ba. Na tattare rigata, na shiga ruwa har gwiwar nan mai ciwo, na kwanto shi, na kawo shi yana tsiyaya kamar yadda ya kawo shi ranar gasa. Na rataya.

Lambobi suka yi rawa. Rumfa ta yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a siminti. Ɗit. Giram ɗari tara da arba'in.

Ciyaman ya fara laluben biro. Na ce, "Kada ka wahala. Sha ɗaya, cire wannan, saura goma da giram sittin. Nawa kuma da ramarsa, da kwana ashirin a firiza, goma da ɗari uku da ashirin. Ni ce wadda ba ta yi boko ba."

Wani daga baya ya ce a sake. Aka sake, sau uku, sikelina bai canza baki ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma gaskiya zan faɗa, Injiniya ba ƙarya ya shirya ba, shi ma bai san buhunsa yana da ciki ba. Ya zo ya ɗaga buhun da hannunsa, ya dubi lambar, ya daɗe. Sai ya cire farar hular nan, abin da ban taɓa gani ba.

"Mama, kifinki ya fi."

Na ce, "Ba shi na zo ji ba. Maganar yatsa."

Ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure. Ki yafe min."

"Da ƙarfi. Da ƙarfi ka faɗi waccan."

Ya faɗa da ƙarfi, maza talatin suka ji. Na yafe, don ni ba na ajiye abu a ciki, sai dai a firiza.

Ciyaman ya ɗauko gwangwanin fenti ya ce wa zai rubuta. Kowa ya dubi Mai Agogo, wanda hannunsa ke kama abin da ido ba ya gani. Ya hau benci ya rubuta harafi ɗaya bayan ɗaya, a ƙasan layin ƙarshe. Da ya sauko na ce ya karanta min. Ya karanta sunana, da lambar. Sannan, ba tare da na roƙa ba, ya ɗaga yatsa zuwa layi na huɗu ya karanta na marigayi, ya ce Allah ya ji ƙansa, shi ya fara koya masa ɗaura ƙugiya.

A ranar na sha shayin kofi na biyu.

Muna hanyar gida waya ta yi ƙara. Ashe 'yata ta ɗauki komai a bidiyo ta tura wa yayanta, har da shigata ruwa. Ta danna min saƙon. Muryarsa babu dariya babu fushi: "Mama, na gani. Jibi ina nan tafe. Ki ce wa mai agogon nan ya zo gida, ina son mu zauna ni da shi."

'Yata ta dube ni ta madubi. "Mama, kin san Yaya. Auna shi zai yi ciki da waje."

Na rungume sikelina a cinya, yana ta ƙarnin kifi a kan shuɗiyar rigata. Na ce ya zo ya auna, ya sake har sau uku in yana so. Ni dai na riga na ɗaga mutumin nan a hannuna, kuma kun ga abin da ke faruwa da masu gardama da hannuna.